Mai Ƙofa Biyu ta Alhaji Isuhu

Shekaranjiya wani saurayi mai matsattsen wando ya tsaya a bakin garejina da ke Magama, ya ɗauki hoton wata mota da wayarsa, ya latsa nan ya latsa can, sannan ya ɗago kai ya faɗa mini kuɗinta. Da tabbaci ya faɗa, kamar a gabansa aka ƙera ta. Na ce masa madalla, Allah ya yi wa wayar albarka, ashe mu tsofaffi mun huta. Ban gaya masa cewa giyabos ɗin motar yana can bayan rumfa a wargaje tun makon jiya ba. Tunda wayar ba ta ga dacewar sanar da shi ba, ni wane ne da zan yi mata katsalandan?

To, ku samarin yanzu da kuke ganin yi wa mota kuɗi ba aiki ba ne, ku ba ni kunne. Sunana Sale, amma daga Jibiya har Ɗan Isa, tsallaken boda, Sale Kunne aka sani. Bakanike ne ni, kuma shekara arba'in ke nan in za a sayi mota ko za a raba gado mai mota a ciki, ni ake kira in faɗi abin da ta kai. Sau ɗaya na faɗi ƙarya a wannan aiki. Zan zo kanta, amma sai kun fara sanin yadda ake faɗin gaskiyar.

Wurin Malam Garba na koya, wani gajeren mutumin Maraɗi da bai iya yabon kowa ba. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa sifana ba. Zaunar da ni yake yi a kan tsohuwar taya, in juya wa titi baya, duk motar da ta wuce ya ce, "Mi ke damunta?" In na ce ban sani ba, ya ce to kunnuwan nan na ado ne. In na ce filogi ne alhali bawul ne, sai ya kira mai shayi ya ce masa ya zo ya ga injiniya. A haka na koyi bambanta injin da ke tari da wanda ke gab da mutuwa. Da ya ga na fara kamawa, sai ya ba ni kayan aiki huɗu, har yau suna nan: dogon sukundireba da ake dafa bakinsa a jikin injin a kai ƙotar kunne, farin ƙyalle, buhun kwanciya, da maganaɗisun tsohuwar lasifika naɗe a tsumma. Ƙyallen na bakin salansa ne, a tara shi a taka mai, a ga ko baƙi ya fito ko maiƙo. Maganaɗisun kuwa shi ne babban maƙiyin dillalai. Ana bin jikin mota da shi a hankali, inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cike lotsa da ƙulli aka shafe da fenti sai ya faɗi ƙasa.

Na tuna wata mota da aka shigo da ita daga Kwatano, ja wur, tana ƙyalli har ana gyara hula a jikinta. Mai ita ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, kasuwa kaɗai take zuwa. Duk motocin Kwatano tsohuwar Baturiya ce ta hau su, wannan baiwar Allah ba ta gajiya da sayen mota. Na ɗora maganaɗisu a ƙofar direba, ya faɗi. Na ɗora a ta baya, ya faɗi. Na ɗora a bonet, ya gangara ya bugi ƙafar mai motar. Na ce masa lalle tsohuwar nan da gudu take zuwa kasuwa. Ya ce baƙin ciki nake yi masa.

Masu saye ma ba su fi masu sayarwa sauƙi ba. Akwai mai zuwa da abokai biyar, kowanne gwani, ɗaya ya shuri taya, ɗaya ya danna oda, su haɗa kai su yanke hukunci. Akwai wanda launi kaɗai ya kawo shi, ko ka nuna masa mai yana ɗiga kamar an yanka rago sai ya ce amma fa shuɗiya ce. Mai sayarwa kuwa in ya zo maka da injin da ɗumi da sassafe, ka san da turi aka tashe ta, ka ce ya dawo gobe ku kunna ta a sanyaye. In ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ji shi da kauri kamar maɗi, an zuba shi ne don rufe bakin wata ƙara. Sai ka gama duk wannan kafin a zo tayi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a sake albarka, har a yi sallama. Malam Garba ya hore ni kada in kalli bakin mai ciniki, in kalli idonsa, domin wanda idonsa ya riga ya shiga motar ya gama biya tun bai buɗe baki ba.

Amma ma'aunin da ya fi kowanne a wurinsa tambayoyi uku ne. Mutum nawa take ɗauka? Buhu nawa take ɗauka? In ta mace maka a ƙauye irin Farfaru, za ka sami kayan gyaranta kafin la'asar? Motar da ta amsa ukun nan tana da kuɗi, wadda ba ta amsa ba ƙarfe ce. Da wannan ma'auni na yi suna, na yi aure, na gina gida. Ban taɓa tunanin akwai wata duniya da ake auna mota da wani abu daban ba, don me zan yi tunani, ni da ake kira Kunne.

Aikin da nake son ba ku labarinsa gadon Alhaji Isuhu ne. Alhaji Isuhu direba ne tun yana saurayi, ya daɗe yana tuƙa wani Bature mai aikin hanya a Nijar. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa motarsa kyauta, da takardunta duka. Ƙirar Jamus ce, tsohuwa ƙwarai, mai ƙofa biyu rak, doguwar hanci, koriya mai duhu. In ka sauke gilasai babu ginshiƙi tsakanin na gaba da na baya, gefen ya buɗe gaba ɗaya. Gaban sitiyari katako ne na gaske, kujeru na fata. Alhaji bai taɓa barin wani bakanike a Jibiya ya sa mata hannu ba, har ni, abin da ya daɗe yana ba ni haushi. Masallacin Juma'a yake zuwa da ita ya dawo ya lulluɓe. Da ƙafa ta gaza, sai ya koma zama a cikinta da yamma yana sauraron rediyo. Mu dai muna yi masa dariya a bayan ido, muna cewa Alhaji ya tafi Yamai bai bar zaure ba.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Hamisu, da ƙaninsa, da Rabi. Hamisu shi ne babban mai kawo mini aiki, motocin Kwatano yake shigowa da su, duk ta hannuna suke bi. Rabi malamar asibiti ce a Katsina, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Dukiyar ba mai yawa ba ce: gida, da a-kori-kura, da gonaki biyu a Riko, da tsohuwar motar. In aka raba biyar, kason Rabi zai zo daidai da ƙaramar gonar, wadda take fadama ce, ana noma ta rani da damina. Wannan gona ita ce za ta ciyar da marayun nan, kowa ya san haka.

Ana gobe rabo Hamisu ya same ni da hantsi, ya ja ni gefe.

"Malam Sale, kai muka zaɓa ka yi ma motocin tsoho kuɗi."

Na ce to.

"Ita waccan mai ƙohwa biyun, so nike ka kai ta kuɗin ƙaramar gonar Riko."

Na ce, "Hamisu, motar da ko akuya biyu ba ta ɗauka?"

Ya ce, "Rabi mace ce, tana birni, mi za ta yi da hwadama? Mu muka san kanta. Kuma ita ce mai son motar, tun tana yarinya a ciki take wasa. Kai dai ka hwaɗi kuɗin, maganarka ba a musu da ita."

Bai ba ni ko kwabo ba, wannan ne ma abin takaicin. Ya dai ambata cewa akwai motoci shida a hanya daga Kwatano, kuma ya ji ana yabon wani sabon bakanike a bakin tasha. Iyakar kuɗina ke nan. Mutumin da ya kwashe shekaru yana yi wa kayan mutane kuɗi, ashe kansa arha ne haka.

Washegari aka yaye tamfol a gaban malamin rabo da shaidu. Na yi aikina tsaf, don a gani. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi, babu tsatsa ko ɗigo. Na bi ta da maganaɗisu, ya kama ko'ina, ba a taɓa buge ta ba. Amma fentin ya koɗe, fatar kujeru ta tsattsage, kujerar direba ta lotsa ta ɗauki siffar mai ita, har da wurin da gwiwar hannunsa ta cinye. Injin kuwa ya ƙi tashi, kuma a gefensa akwai wani famfon mai mai bututu shida da ban taɓa ganin irinsa ba. Na yi mata tambayoyin Malam Garba a zuci, ta faɗi duka ukun. A gaskiyata, kuɗinta bai wuce na babur sabo ba. Na miƙe na kaɗe riga, na kalli bango, na faɗi kuɗin ƙaramar gonar Riko.

Malamin ya ce, "Ka tabbata, Malam Sale?"

Na ce na tabbata. Aka juya ga Rabi, tana zaune daga ƙofar cikin gida. Ta ce, "Tunda Baba Sale ya hwaɗa, na karɓa."

Kalmar Baban nan ta sa na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Amma kunya ba ta hana ni cin tuwon sadakar da aka kawo ba, har na ƙara.

Bayan sati biyu Rabi ta sa aka jawo motar zuwa garejina. Ta ce, "Baba, a dai tashe ta, in riƙa jin ƙararta. Ba sauri nike ba." Ta koma Katsina. Motar ta zauna a ƙarshen rumfa fiye da shekara, kullum in na wuce sai in kau da kai.

Sai aka rufe boda. Ku da kuke yara lokacin ba za ku gane ba. Garin nan da boda yake numfashi. Motocin Kwatano suka tsaya cak, har da na Hamisu da na sayar da bakina dominsu. Dillalai masu babbar riga suka koma acaɓa, wasu suka koma ƙwadago a gonakin da suke rainawa. Garejina da ba a samun wurin taka ƙafa ya zama wurin shan iskar awaki. Sai in wuni ban ji ƙarar injin da zan saurara ba. Mutum in ba shi da aiki, sai laifinsa ya sami kujera ya zauna kusa da shi. Kullum ina kallon koriyar motar nan, ina tuna fadamar Riko, har wata dabara ta zo mini wadda na ɗauka Allah ne ya kimsa mini ita. Tunda na ce motar ta kai kuɗin gona, to bari in gyara ta da hannuna, kyauta, har ta doshi kuɗin da na faɗa. In mayar da ƙaryata gaskiya.

Ku ji aikin gwani. Na sauke tsohon injin da famfonsa mai bututu shida, na yanke mazauninsa, na sa aka walda sabo, na ɗora mata injin Japan mai lafiya wanda ko a Farfaru za a sami kayansa. Katakon gaban sitiyari ya dusashe, na ɓamɓare shi na manna roba mai sheƙi, na huda wuri na sa rediyo mai fitilu. Kujerun fata na cire su, na sa na wata mota masu laushi. Fentin nan da ya koɗe na sa aka kankare shi har ƙarfe, aka fesa fari fat. Tsohon injin na sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli na sayi fenti da kuɗin. Kujerun na jefar bayan rumfa, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa. Wata huɗu na yi a kan aikin nan, a shekarar da gidana ake auna garin tuwo. Ranar da na kunna ta ta tashi bugu ɗaya, na ji na zama mutumin kirki.

Na aika wa Rabi ta zo. Ta tsaya a bakin rumfa ta daɗe tana kallo. Ta buɗe ƙofar direba, ta leƙa, ba ta shiga ba, ta mayar ta rufe a hankali. Ta ce, "An gode, Baba. An sha aiki." Ta ce a bar ta nan tukuna, ba ta da wurin ajiya. Ni kuwa na ce a raina, murna ce ta hana ta magana. Kunne ke nan, mai jin abin da ke damun injin daga bayan bango.

Da aka buɗe boda, wata safiya wani dogon mutum ya sauko daga motar Maraɗi yana tambayar gidan Alhaji Isuhu direba, aka turo shi wurina. Mushe Umaru sunansa, daga Yamai, Mushen nan na Faransanci da suke kiran malam da shi. Sana'arsa bin garuruwa yana neman tsofaffin motocin Turai yana tura wa masu tara su. Ya zaro wani tsohon hoto ya miƙo mini. Ga koriyar motar sabuwa dal, ga Bature, ga Alhaji Isuhu yana saurayi da hular direba. Ya ce Baturen ya rasu, ɗansa ne ke neman motar ubansa, kuma ba ya jin kuɗi. Na kira Rabi a waya, ta zo da azahar. Na yaye tamfol da hannuna ina murmushi, ina jiran yabo.

Mushe Umaru ya matso kusa da motar. Ya sa hannu a aljihu ya fito da maganaɗisu naɗe a tsumma. Nan na san na gamu da ɗan'uwa. Ya bi jikinta, ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa dokin ƙofa da ramin taya na but. Ya fito yana girgiza kai, ya ce a Turai gishirin hanya ya cinye ƙasan irin waɗannan, shi ya sa ake zuwa neman su ƙasarmu mai bushewa, kuma bai taɓa ganin mai lafiyar ƙasa kamar wannan ba. Na fara gyara tsayuwa. Sai ya buɗe bonet.

"Malam, ina injin nata?"

Na ce ga shi nan, bugu ɗaya yake tashi.

"A'a, nata. Wanda nimeronsa ke cikin kartigiri." Ya buɗe takardar motar da Rabi ta kawo, ya nuna mini lambar injin, ya nuna ta jikin mota. "Waɗannan biyun tare suka hito daga masana'anta. In suna tare, mota ce. In an raba su, gangar jiki ce."

Na ce ai wancan ba ya tashi.

"Ko bai tashi ba, mu muke tashinsa. Katakon fa? Kujerun fa? Wa ya kankare mata launi?"

Na ce fentin ya koɗe.

"Shi muke saye, Malam. Koɗewar muke saye. Fenti sabo kowa na iya fesawa gobe, amma wa zai fesa maka shekara hamsin?"

A tsaye a wurin, ni da furfurata, aka koya mini sana'ata daga farko. Ya ce irin wannan mota tambayoyinta daban ne: nawa suka rage a duniya, me aka canja a jikinta, wa ya hau ta, ina takardun da suka shaida. Ƙofa biyun da muke yi wa dariya ita ce kuɗin, don masu ƙofa huɗu an yi su da yawa. Ya ce kafin ya taya, sai ya san nawa 'yan'uwanta masu irin lafiyarta suka tashi a hannun masu saye na gaske, ba abin da masu sayarwa ke nema ba, sannan ya cire abin da gyara zai ci. Rabi ta tambaye shi, da ba a taɓa ta ba, nawa zai biya? Ya faɗa da sefa, na juya shi zuwa naira a kaina. Kuɗin zai sayi gonakin Riko duka biyun, a ɗora gidan a kai. Ashe ƙaryar da na yi, wadda ta hana ni sakewa shekara da shekaru, ko rabin gaskiya ba ta kai ba.

Ta ce yanzu fa? Ya ce yanzu ɗan Baturen ba zai gane motar ubansa ba, sai dai a saya don gilasai da ƙarafunan ado. Ya faɗi kuɗin. Da kaɗan ya ɗara na babur sabo. Wata huɗu na yi ina zufa har na kawo motar daidai kuɗin da na yi mata a zuciyata ranar rabo. Wa ya ce ban iya kimantawa ba?

Na bi sawun injin har wurin 'yan gwangwan. Suka ce ƙarfen ya tafi Kano tuntuni, na tambayi kan injin, ko na dalma ne? A'a, suka ce goran ruwa ne, wato alminiyam, masu zubin tukwane sun saye. Wataƙila yanzu haka wata tana dafa wake a cikinsa.

Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na tara malamin rabo da shaidu da Hamisu, na faɗi da bakina cewa kuɗin da na yi wa motar ba shi ne a zuciyata ba, Hamisu ne ya roƙe ni, a sake rabo a ba Rabi gonarta. Hamisu ya bari na gama tsaf, sannan ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, ranar da aka yi rabo, motar ta kai kuɗin gonar ko ba ta kai ba? Mutumin Yamai ya ce ta ninka. Ashe mu aka ƙwara, kuma mun yahe. Abin da ya same ta bayan nan, a tambayi wanda ya riƙe sifana."

Malamin ya ce niyyar Hamisu tana tsakaninsa da Allah, amma rabo ya ba ta abin da ya kai haƙƙinta har ya wuce, ba shi da hujjar warware shi. Ɓarna kuwa ta mai ɓarna ce. Duk aka juyo ana kallona. Ranar na gane ƙaryata ba ta cuci Rabi ba, tubana ne ya cuce ta.

Na same ta a Katsina ranar hutunta. Na ce ina da fili a bayan gareji, ba zai kai fadama ba, amma ta karɓa. Ta ce in bar wa 'ya'yana.

"Baba, tun ranar rabo na san ba kuɗinta ka hwaɗa ba. Bango kake kallo. Na karɓa don in na buɗe ƙohwar nan ina jin ƙamshin turarensa. Da mutumin Yamai ya ba ni kuɗin nan, ban san ko zan iya sayarwa ba, ƙila don yara in sayar. Amma da ni zan zaɓa. In kana son yi mini wani abu, ka nemo mini kujerar babana."

Kwana tara ina nema. Ta baya an yanka fatarta an yi takalma, ta gefen direba ba wanda ya san inda ta shiga. Ta direban na same ta da safe a rumfar wani mai shayi a bakin tasha, an ɗora ta a kan bulo biyu, wani ɗan kamasho yana zaune a kai yana tsoma burodi. Lotsawar tana nan, da wurin gwiwar hannu. Na yi ƙoƙarin ɗaure fuska kamar yadda aka koya mini, na ce wa mai shayin ko zai rabu da wannan tsohuwar kujera, ta ma tsufa. A bayan rumfata ya tsince ta, ko sisi bai biya ba. Bai kalli bakina ba, idona ya kalla. Ya ajiye butarsa, ya faɗi kuɗin da zai sayi benci goma.

Mutanen rumfar suka tuntsire da dariya, suka gyara zama don su ga yadda Sale Kunne zai ragargaza shi. Na sa hannu a aljihu na biya. Na ɗora kujerar a ka, da furfurata, na ratsa tasha har inda ake lodin Katsina, na biya mata kuɗin mutum guda don kada a ɗaure ta a but.

Farar motar tana nan ƙarshen rumfa, Rabi ba ta sake tambayarta ba. Har yanzu bugu ɗaya take tashi. In saurayin nan ya dawo da wayarsa, ita zan nuna masa ya ɗauka.